Asibitin da majinyaci ke zaɓar abin da zai biya: yadda Aravind ke tafiyar da farashinsa a Madurai

A birnin Madurai da ke jihar Tamil Nadu can kudancin Indiya akwai wani asibitin ido da ake kira Aravind, wanda in ka je ba wanda zai tambaye ka nawa kake samu a wata, ba fom ɗin da za ka cike ka rantse kai talaka ne, ba takardar mai unguwa, ba komai. Gini biyu ne kusa da juna, ɗaya na masu biya ɗaya na kyauta, kai ne za ka laluba aljihunka ka zaɓi wanda za ka shiga. A ɓangaren masu biyan ma hawa-hawa ne, akwai ɗakin mutum da yawa, akwai na mutum ɗaya, akwai mai esi da banɗaki a ciki. Abin da ya sa lamarin ya isa a zauna a duba shi da kyau shi ne asibitin ba da sadakar Turawa yake rayuwa ba, kuɗin masu biyan ne ke ɗauke da shi har a samu rara a gina wani reshe, kuma yau kusan shekara 50 kenan ana haka ba a durƙushe ba.

Wanda ya kafa shi sunansa Dakta Govindappa Venkataswamy, amma saboda tsawon sunan kowa Dakta V yake ce masa, mu ma haka za mu ce. An haife shi a 1918 a wani ƙauye, ya gama karatun likita a Madras a 1944 ya shiga aikin soja, burinsa ya zama likitan mata masu haihuwa, sai amosanin gaɓɓai mai tsanani ya kama shi ya kwantar da shi ya lanƙwashe masa yatsu har aka sallame shi daga soja a 1948. Da ya miƙe sai ya koma fannin ido, ya koya wa karkatattun yatsun nan riƙe wuƙar tiyata, an ƙiyasta ya yi aikin ido sama da 100,000 da hannunsa. Ya yi shekara 20 yana shugabantar sashen ido a kwalejin likitanci ta gwamnati da ke Madurai, yana yawon ƙauyuka yana kai aikin ido wajen waɗanda ba za su iya zuwa birni ba. A 1976 ya cika 58, dokar aiki ta ce ya tafi gida ya huta.

Bai huta ba, a shekarar ya buɗe ɗan asibiti mai gado 11 a cikin wani gida, gado 6 na waɗanda ba su da shi, 5 na masu biya. Bankuna suka ƙi ba shi bashi, to wa zai ba ɗan fansho bashi ya buɗe wurin da fiye da rabin gadajensa kyauta ne, sai dangi suka jinginar da gida da gwala-gwalan mata aka haɗa kuɗin. Ƙanwarsa Dakta Natchiar da mijinta Dakta Namperumalsamy, dukansu likitocin ido, suka shigo ciki. Tun ranar farko kenan farashin kashi biyu ne, ba daga baya aka lanƙaya shi ba dan a burge masu ba da tallafi.

Yawancin aikin da suke yi na yanar ido ne. Yana ita ce ƙwayar da ke cikin ido ta yi hazo da tsufa har mutum ya daina gani, maganinta ɗaya ne, a cire ƙwayar da ta lalace a sa ta roba a madadinta, aikin da bai wuce mintuna ba a hannun wanda ya ƙware. Tsoho ya shekara uku a zaune jika na ja masa sanda, a yi masa aiki yau, gobe a cire bandeji ya ga fuskar jikan. Ka riƙe wannan dan zai dawo, irin ciwon da suka zaɓa yana da hannu sosai a nasarar farashin.

Yadda kuɗin ke tafiya kusan mataki uku ne. Wanda aka ɗauko daga ƙauye ta hanyar zagayen da suke yi ba ya biyan ko sisi, mota da abinci da kwana da aikin duk kyauta. Wanda ya kawo kansa ginin kyauta ba ya biyan kuɗin ganin likita, in aiki ya kama sai a ce ya ba da ɗan abin da zai rufe kuɗin ƙwayar robar da magani, in ya ce ba shi da shi a yafe masa. Sai mai shiga ginin masu biya, ya yanki kati, in aiki ya kama a zaunar da shi a nuna masa jerin farashi, irin ƙwayar da yake so da irin ɗakin da yake so, ya zaɓa. Na ginin kyauta a babban zaure yake kwana kan tabarma da mutane da yawa, layinsa ya fi tsawo, banɗaki na kowa da kowa. Amma likitocin su ne dai likitocin, albashi ake biyansu ba kamasho kan kowane majinyaci ba, kuma juya su ake yi tsakanin ɓangarorin biyu, dan haka wanda ya yi wa attajiri aiki wancan watan shi zai yi wa mai tabarma wannan watan. Kamar motar haya ce, na kujerar gaba ya ƙara kuɗi ya miƙe ƙafa, na baya sun matsu huɗu-huɗu, amma direba ɗaya ne kuma tare za a isa tasha.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, to me zai hana mai kuɗi ya sa tsohuwar riga ya shige ɓangaren kyauta? Babu abin da zai hana shi, kuma ba shakka ana samun masu yi. Sai dai ka tsaya ka yi lissafin ɗaya hanyar. In ka ce sai ka tantance, a ƙasar da yawancin mutane manoma ne da 'yan tireda da masu aikin yini waɗanda ba su da takardar albashi, da me za ka auna? Sai ka ɗauki ma'aikata ka biya su albashi su zauna suna yi wa tsoho tambayoyi shanunka nawa, 'ya'yanka nawa ke aiki a birni, talakan gaske mai jin kunya ya juya ya koma gida da makantarsa, mai baki da wayo ya wuce, sannan ka buɗe ƙofar da wani zai ce a ba shi na goro ya sa hannu. Aravind sun bar tabarma da layi su yi musu tantancewar. Mutumin da ke da hali da wuya ya yarda ya kwantar da mahaifiyarsa a ƙasa cikin mutum 30 alhali ga ɗaki mai gado can tsallaken titi, ko dan idon dangi ma ba zai yi ba. Wanda ya daure ya yi kuwa asarar da ya jawo wa asibitin ba ta da yawa, dan aikin kansa an riga an karya masa farashi.

Nan ne fa ainihin maganar take, kuma nan ne masu son kwaikwayonsu suka fi tsallakewa. Karɓar kuɗi a hannun mai shi a yi wa marar shi aiki tsohon abu ne, asibitocin gwamnati a Najeriya ma suna da aminiti, wato ɓangaren masu biya. Abin da ya bambanta Aravind shi ne sun matse kuɗin da aiki ɗaya ke ci har ya zama ribar mai biya guda na iya ɗaukar mutum ɗaya ko biyu da ba su biya ba, ba tare da an tsawwala wa mai biyan ba, dan farashinsu na masu biya bai wuce na sauran asibitocin kuɗi na yankin ba, in ya wuce ai sai su gudu. Dakta V ya sha faɗin cewa McDonald's, kamfanin sayar da abincin nan na Amurka, ce ta burge shi, yadda suke fitar da abu iri ɗaya da inganci iri ɗaya a dubban shaguna, mutane suna dariya wai likita na koyi da masu sayar da burodi da nama.

Ka leƙa ɗakin tiyatarsu ka ga abin da yake nufi. Likita na zaune tsakanin tebur biyu, madubin likita mai ƙara girman abu guda ɗaya a kan hannu mai juyawa. Yana kan majinyacin dama yana aiki, nas-nas biyu suna gefen hagu sun riga sun kwantar da na gaba, sun wanke idon sun rufe fuskar da ƙyalle sun jera kayan aiki. Yana gamawa ba ya tashi, sai ya juyo da madubin ya juyo da kujerarsa ya fara na hagu, kafin ya gama an ɗaga na dama an kama hannunsa an fita da shi an kwantar da wani. A bakin ƙofa wasu na zaune a jere an riga an yi musu allurar kashe zafi suna jira. Likitan ba ya cike takarda, ba ya auna hawan jini, ba ya lallashin mai tsoro, duk wannan aikin wasu ne, shi yankan kawai da sa ƙwaya. Da haka likitan Aravind ke yin aiki wajen 2,000 a shekara, a lokacin da takwaransa a sauran Indiya bai fi 'yan ɗaruruwa ba. Albashi ɗaya, gini ɗaya, madubi ɗaya, an raba kuɗinsu kan mutum dubbai.

Su kuma nas-nas ɗin yawancinsu 'yan matan ƙauye ne da suka gama sakandare, asibitin ke ɗaukarsu ya horar da su shekara 2, kowacce a kan abu ɗaya, wannan gwajin gilashi, wannan taimakon tiyata, wannan zama da majinyaci ta yi masa bayani da yarensa. Su ne ƙashin bayan wurin gaskiya, duk da sunan likitoci ake ji.

Akwai lokacin da tsarin ya kusa zama abin kunya, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗin nazari. A shekarun 1980 ƙwayar roba da ake dasawa cikin ido ta yaɗu a ƙasashen Turawa, amma daga waje ake shigo da ita, guda ɗaya tana kai dala 100 ko fiye. Mai biya a Aravind sai a sa masa ita ya tashi yana gani tar. Na kyauta kuwa sai a cire yanar a bar idon ba ƙwaya, a ba shi wani tabarau mai kaurin gindin kwalba, wanda ke ƙara girman abubuwa ya karkatar da gefe, in ya faɗi ya fashe ko ya ɓata a gona shikenan mutum ya koma makaho, dan idon da ba ƙwaya ba tabarau ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Kaga a nan bambancin ya tashi daga tabarma da gado ya koma cikin idon kansa, mai kuɗi na samun gani mai kyau talaka na samun na jeka-ka-yi-maneji. Wasu manyan masu harkar lafiya na duniya a lokacin ma cewa suke ƙwayar roba ba ta ƙasashe matalauta ba ce, a haƙura da tabarau.

Aravind ba su haƙura ba. A 1992 suka buɗe masana'antarsu mai suna Aurolab a nan Madurai, da taimakon wani Ba'amurke David Green da gidauniyar Seva da wasu ƙungiyoyi, suka fara ƙera ƙwayar da kansu. Farashin ya faɗo zuwa wajen dala 10, daga baya mai sauƙin cikinsu ta sauko har wajen dala 2. Daga nan na kyauta ma ya fara samun ƙwaya. Masana'antar ta ci gaba ta shiga yin zaren ɗinki da magungunan ido, yau tana sayarwa ƙasashe sama da 100, kuma ita ma kanta tana kawo kuɗi. Har yanzu fa akwai bambanci, ba za a ɓoye ba, mai biya yawanci da na'ura ake narkar masa da yanar ta ƙaramar kafa a sa masa ƙwaya mai naɗewa, na kyauta da hannu ake yi ta kafa mai ɗan faɗi a sa masa ƙwaya mai tauri. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ganin da ake samu a ƙarshe ya yi kusa da juna sosai, na na'urar dai ya fi saurin warwarewa. Wannan bambancin mutum zai iya kare shi a gaban kowa, na tabarau mai kauri kuwa ba mai iya kare shi.

Sai kuma abin da ya ba su mamaki su kansu, wato kyauta ma tana da tsada. Tun farkon shekarun 1980 suka lura ana gaya wa mutum a ƙauye yana da yana, ga aiki kyauta a Madurai, amma ba ya zuwa. Da aka bi sawu sai aka ga dalilan, kuɗin mota, abincin kwanakin da zai yi, wanda zai raka shi dan makaho ba ya tafiya shi kaɗai kuma ɗan rakiyar zai rasa aikin yini na kwana biyu ko uku, ga tsoron a taɓa ido, ga masu cewa tsufa ne ba ciwo ba. Sifili a takardar asibiti ba sifili ba ne a aljihun manomi. Dan haka suka sake tsarin zagayen, wani attajirin gari ko ƙungiya irin Lions ko Rotary su ɗauki nauyin shela da wurin taro, makaranta ko zauren biki, tawagar asibiti ta zo yawanci ƙarshen mako ta duba mutane ɗaruruwa, mai buƙatar tabarau a yanka masa nan take, masu buƙatar aiki a zuba su a bas a ranar a tafi da su tare, 'yan gari ɗaya suna ɗebe wa juna kewa ba sai da ɗan rakiya ba, a yi musu aiki a ciyar da su a dawo da su gida, bayan wasu makonni a koma garin a duba su.

Duk da haka wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cikin masu matsalar ido a ƙauyukan da zagayen ke kaiwa, waɗanda ke fitowa ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Wannan ya girgiza su, shekara da shekaru ana yabon zagaye ashe ƙaramin yanki yake taɓawa. Daga 2004 suka fara buɗe ƙananan cibiyoyi na dindindin a ƙananan garuruwa, ɗaki biyu ko uku, ma'aikaciya ta duba ka likita na kallo ta kwamfuta daga babban asibiti ya yi magana da kai. A waɗannan cibiyoyin ana karɓar ɗan kuɗi kaɗan, kuma mutane suna zuwa suna biya, dan ɗan kuɗin nan bai kai abin da za su kashe a mota zuwa inda ake yi kyauta ba.

Ta fuskar lissafi abin ya tsaya da ƙafarsa. A farkon shekarun 1990 wajen kashi biyu cikin uku na aikin kyauta ne ko kusa da kyauta, daga baya da tattalin arzikin Indiya ya ɗaga masu biya suka ƙaru ya koma kusan rabi da rabi. A shekarar kuɗi ta 2009 zuwa 2010 abin da ya shigo musu ya kai wajen dala miliyan 29, rarar da ta saura bayan kuɗin gudanarwa wajen dala miliyan 13, kuma tunda amana ce ba kamfani ba babu mai raba riba, da ita ake gini. Haka aka gina rassa a wasu garuruwa, Theni a 1985, Tirunelveli a 1988, Coimbatore a 1997, Pondicherry a 2003, har Chennai a 2017. Kafin korona suna yin aiki wajen rabin miliyan a shekara. Gwamnatin Indiya ma tana mayar musu da wani abu kan aikin da suka yi wa mutanen zagaye a ƙarƙashin shirinta na yaƙi da makanta, ba shi ke riƙe da su ba amma yana rage zafi. Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma, masu kyautar su ma suna yi wa asibitin amfani, yawansu ne ke sa hannun likitoci ya faɗa, shi ke jawo ɗalibai daga ko'ina su zo koyo, ƙwarewar nan kuma ita mai kuɗi ke zuwa saya. Dakta V ya rasu a 2006, tsarin bai canza ba.

Ba wai babu abin suka ba. Aikin da yawa, kwana shida a mako tun sassafe, albashin likita bai kai na manyan asibitocin kuɗi ba dan haka da yawa in sun ƙware sai su tafi, 'yan matan nan kuma a hostel suke zama ana biyansu kaɗan, da yawansu shekaru kaɗan suke yi su tafi aure, kuma arhar aikin nasu na cikin abin da ya sa lissafin ke fita, wannan gaskiya ce ko an so ko ba a so ba. Shugabancin ma ya daɗe a hannun dangi ɗaya. Sannan ga maganar da na ce a riƙe, yana ciwo ne da ake gamawa da shi a zama ɗaya, aikin iri ɗaya ne kan kowa, attajiri da talaka duk suna tsufa su kamu, kuma Tamil Nadu cike take da mutane ga hanyoyin mota. Ciwon suga ko wankin ƙoda da mutum zai yi ta dawowa har ƙarshen ransa ba ya shiga wannan layin cikin sauƙi.

Mu ma abin ya taɓo mu ta wani gefen. A 2019 Shugaba Buhari ya buɗe asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai a Abuja, wanda aka tsara da haɗin gwiwar Aravind a kan wannan salon na masu biya su ɗauki marasa shi. Buƙatar kuwa ba sai an faɗa ba, binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta a 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma sama da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana ba likita ne ya taɓa su ba, masu aikin gargajiya ne da ke sa tsinke su tura ƙwayar ta faɗa cikin ido, aikin da yawanci ke ƙarewa da mummunan sakamako. Kuma su ma biyansu ake yi, da kuɗi ko akuya ko hatsi, sun dai zo har ƙofar gida ne kuma ana iya yin ciniki da su. Duk wanda zai gwada salon Madurai a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai tarar ƙwayar roba da dala zai shigo da ita, wuta da dizal ko sola zai samar, ƙauyukan sun fi nisa da juna wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa saboda tsaro, kuma babban mai kuɗin da ya kamata ya kwanta a ɗaki mai esi ya ɗauki nauyin mutum biyu sau da yawa ya riga ya yanki tikitin jirgi zuwa Alƙahira ko ita Indiyar kanta.